Gidan Zoo na Kano da Makantar Alƙalaminmu

 Maƙalar yau tana da ɗan yaji, kuma da kanmu za mu fara, don kada wani ya tashi ya ce da shi ake.

Cikin 'yan watannin nan mun karanta gajerun labarai da somin littattafai masu yawa da kuka turo a duba muku. Akwai fitowa ɗaya da ta yi ta maimaituwa har muka haddace ta. Saurayi ya zo da mota mai baƙin gilashi, ya ɗauki budurwa, suka nufi Gidan Zoo. Suka sami wata bishiya mai ni'ima suka zauna, tsuntsaye na ta rera waƙoƙi masu daɗi, iska na kaɗa mayafinta, ya ce mata ita ce bugun zuciyarsa, ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsunta. Shafi huɗu, wani lokaci shida. Sannan suka tashi suka tafi. An shiga gidan namun daji an fito, ko ƙadangare ba a gani ba. Wace bishiya ce, maɗaci ko darbejiya ko tsamiya? Wane tsuntsu ne, kurciya ko carki? In kuwa hankaka ne, a gaya mana waƙar da ya rera. Marubucin bai faɗa ba domin bai duba ba, sau da yawa ma bai je ba, a waƙar fim ya ga wurin. Mu ma da ke wannan faɗa, in aka tono tsofaffin rubuce-rubucenmu, za a tarar mun taɓa zaunar da masoya a gindin wannan bishiya marar suna.

Wani zai ce abin bai kai a yi masa maƙala ba. Ya kai, har ya wuce. Marubucin da ya shiga wurin da zaki yake kwance bai ɗaga kai ya dube shi ba, to ba zai ga komai ba in ya shiga kasuwar Kurmi ko ɗakin haihuwa. Makantar iri ɗaya ce. Kuma tana da tsada, domin wurin da babu wanda ya rubuta shi, ranar da aka zo ɗauke shi babu wanda zai iya faɗar abin da aka rasa.

Bari mu tuna wa juna abin da wurin yake. A watan Mayu na 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar nan jihohi 12, ya tura Kwamishinan 'yan sanda Audu Bako ya zama gwamnan sabuwar Jihar Kano. Ya riƙe ta har zuwa Yuli na 1975, lokacin da Murtala ya karɓi mulki. Kowa ya san shi da ruwa: madatsar Bagauda, madatsar Tiga, noman rani na Kadawa. Mutumin da hankalinsa ke kan alkama da shinkafa da tumatir, shi ne kuma ya ware fili mai faɗin hekta sama da 40 a gefen gari ya ce na namun daji ne da itatuwa. Aka fara aikin a 1971, aka buɗe a 1972, shekara biyu kacal bayan an gama yaƙin basasa. Ku tsaya nan ku yi tunani. Jihar ba ta cika shekara shida ba, makarantu ba su isa ba, asibitoci ba su isa ba, amma aka ga ɗan talakan Kano ya cancanci ya ga jimina da idonsa. Ba Kano kaɗai ba ce: Jami'ar Ibadan na da nata tun 1948, Jos na da nata, Maiduguri na da Sanda Kyarimi, a Yamai ma akwai dabbobi a harabar gidan tarihin Boubou Hama. Zamani ne da masu mulki ke ganin birni bai cika birni ba sai da wurin da yaro zai je ya buɗe baki don mamaki.

Audu Bako ya rasu a 1980. Garin da ya bari ya taso ya zagaye filin ta kowace kusurwa. Titin da ya ɗauki sunan gidan ya zama ɗaya daga cikin mafi hayaniya a Kano: shaguna, bankuna, katafaren kantin Ado Bayero, filin baje koli, da ofisoshin 'yan fim ɗinmu. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba mu takaici. Masana'antar ba da labari mafi girma a ƙasar Hausa ta yi shekaru tana maƙwabtaka da zakuna da kuraye, katanga ce kawai a tsakani, amma abin da ta fi ɗauka a can shi ne rawa a kan ciyawa.

Sau biyu a shekara ɗaya gidan ya miƙo mana labari a faranti, muka kau da kai. A watan Yuni na 2019, bayan ƙaramar Salla, aka wayi gari kuɗin ƙofa naira miliyan 6.8 sun yi ɓatan dabo, sai magana ta bazu cewa wai goggon biri ne ya haɗiye. Shekara guda kafin nan an yi na macijin ofishin JAMB a Makurɗi da miliyan 36, don haka kunnuwa a buɗe suke. Jaridun duniya suka ɗauka, aka yi ta dariya da mu. Gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce babu ma gorila a gidan, 'yan sanda suka shiga bincike. Mu marubuta me muka yi? Muka liƙa hoton biri da tumbi, muka sa alamar dariya, muka wuce.

Ga kuwa abin da muka tsallake. Na farko lissafi: ko da a ce duk 'yan dubu-dubu ne, miliyan 6.8 takarda 6,800 ce, bandir 68. Kuɗin ƙofa kuwa ba 'yan dubu-dubu ba ne, tsofaffin ƙananan takardu ne da suka sha gumi a hannun yara. Wanda ya taɓa ƙirga cinikin shago ya san buhu ake magana. Na biyu, kuɗin da kansu shaida ne: raba su da duk kuɗin shigar da ka tuna ka taɓa biya, ka ga dubban mutane nawa suka tako cikin 'yan kwanakin Salla. Wurin da ake cewa babu mai zuwa ke nan. Na uku kuma namu ne na masu sana'ar kalma. A bakin Bahaushen da, goggo shi ne babban birin nan mai doguwar fuska kamar ta kare, wanda wasu ke kira bika, wanda gardawa ke yawo da shi da sarƙa a ƙugu. Da zamani ya kawo mana hoton ƙaton birin dazuzzukan Kwango da Kamaru, muka rasa sunan ba shi, sai muka ɗora masa na goggo. Kalma ɗaya, dabba biyu, ɗayar ganye ne abincinta, ɗayar ba abin da take bari. Wanda ya fassara goggon biri zuwa Turanci dole ya zaɓi ɗaya, kuma zaɓinsa shi duniya za ta ji. Wannan kaɗai ya isa darasin mako guda a zauren nan. An ɗora wa dabbar da ba ta da baki laifin mai baki, an yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi a zahiri, ba a karin magana ba, amma babu gajeren labari ko ɗaya da ya shigo mana a kai.

A watan Oktoba na shekarar kuma zaki ya kuɓuce, lokacin da ake ƙoƙarin mayar da shi kejinsa bayan an dawo da shi daga bikin baje kolin noma a Jihar Nasarawa. Bai bar harabar gidan ba, ya faɗa inda awaki suke, aka yi kusan kwana biyu kafin ya koma keji. Ku ɗauki daren farko kaɗai. Uwa a Gandun Albasa ko Sheka da ta ji labari a rediyo, ɗanta kuma bai dawo daga makarantar dare ba. Mai gadi da tocila da sanda, ya san inda abin yake, ya san kuma albashinsa nawa ne. Mai shayi a bakin titi da ya ƙi tashi don bai sayar da burodinsa ba. Ko akuyar ma. Abubakar Imam ya ɗora littafi uku na Magana Jari Ce a bakin aku, mu an ba mu zaki a tsakiyar birni mun rasa abin cewa.

Don kada mu zama masu faɗa daga kan kujera, mu 'yan kaɗan daga zauren nan muka je da kanmu, ranar aiki, da hantsi, lokacin da babu cunkoso. Abin da ya fara tarbar mu shi ne shiru. Kana taka ƙafa ka wuce ƙofa, ƙarar adaidaita sahu ta fara ja baya, inuwa ta rufe ka, iskar ma ta sauya. A Kano ta yau, inda kowane taku na ƙasa yana da mai shi da farashinsa, samun wurin da za ka yi tafiyar minti ashirin ƙarƙashin manyan itatuwa ba tare da an yi maka oda ba, abu ne da ba a saya a kasuwa.

Muka tsaya gaban kura, muka daɗe. Dukkanmu mun rubuta kura a tatsuniya ko a zagi, amma sai ranar wasunmu suka lura ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, bayanta a gangare yake, shi ya sa tafiyarta ke kama da ta mai ɗingishi. Ga wuya kamar turmi. Ga wari da ba za ka taɓa mantawa ba, wanda babu hoto ko bidiyon da zai ba ka shi. A wajen kura mai dabbare-dabbare, wadda kakanninmu ke kira amina don su bambanta ta da sayaki mai zane-zane, mace ce ta fi namiji girma, ita ce kuma ke mulkin garke. Ashe ba banza Bahaushe ya ce kura ta zo, ya ajiye kure a gefe sai in dole. Mutanen da suka sa wa harshen nan jinsi sun zauna da dabbar, sun kalle ta. Jimina yatsu biyu gare ta a kowace ƙafa, namijin baƙi da farin gefe, macen ruwan ƙasa. Kada na kwance baki a wangame kamar gunki, ba yunwa ba ce, zafi yake fitarwa. Zaki kuwa barci yake yi, kamar yadda yake yi yawancin sa'o'in yini ko a dawa, yara na ta kiransa ya yi biris. Wanda ke son jin muryarsa sai ya jira yamma. Duk wanda ya taɓa jin ta kusa ya san ba a kunne take sauka ba, a ƙirji take sauka, kuma daga ranar zai daina rubuta cewa maigida ya daka tsawa kamar zaki saboda an zuba gishiri da yawa a miya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ba dabba ba ce. Wani magidanci ne da yaransa uku. Duk inda suka tsaya gaban mai ƙaho, yaran su tambaya, shi kuma ya ce barewa ce. Ƙarama barewa, babba barewa. Ba mu ga laifinsa ba, domin da mu aka tambaya, nawa ne a cikinmu za su wuce barewar? Alhali Hausa na da gada, da mazo, da maraya, da kanki, da gwanki, da gwambaza, da dari, da mariri, kowanne da kamanninsa da ƙahonsa da irin dajin da yake so. Tana da dila da yanyawa da kyarkeci, ba duka ne karen daji ba. Tana da rabbi daban da damisa. Tana da damo daban da guza, kumurci daban da kububuwa da gamsheƙa. Waɗannan kalmomi ba su mutu ba tukuna, suna kwance ne a ƙamus da bakin tsofaffin maharba. Mu da muke iƙirarin raya harshe, muna ta jayayya kan yadda za a kira kwamfuta da Hausa, ga dukiyar da muka gada tana zubewa ta ƙasan buhu.

Dalilin zubewarta a fili yake: dabbobin ne ke ƙarewa, sunan kuma ba ya zama in mai shi ya tafi. Zakunan da suka rage a dazuzzukan Nijeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda a da yake yawo daga Senegal har tafkin Chadi, ya ragu zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990, duka a yankin Kure kusa da Yamai, kafin a tashi tsaye a kare shi ya koma ɗaruruwa. Mariri kuwa, mai farin jiki da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi, a shekarar 2000 aka ayyana cewa ya ƙare a dawa baki ɗaya. Abin da ya cece shi shi ne waɗanda ke tsare a gidajen namun daji da gandun masu kiwo a ƙasashen waje. Daga cikinsu aka tara garke a Abu Dhabi, aka fara mayar da su Chadi a 2016, suka hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a dawa. Yaron Kano da aka haifa bana, in ba a Gidan Zoo ba, ina zai ga abin da kakarsa ke nufi da manyan dawa? Falgore ba wurin da za ka ɗauki 'yan firamare ka kai su da kuɗin tara ba ne.

Mun san abin da wasunku ke shirin rubutawa a ƙasa, bari mu riga ku.

Akwai masu cewa tsare dabba a keji zalunci ne, bai kamata marubuci ya kare shi ba. Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi mata wasa ba. Dukkanmu mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Tarihin gidajen namun daji ma ba fari tas ba ne. Carl Hagenbeck na Jamus, wanda a 1907 ya buɗe gidan da ya maye sandunan ƙarfe da ramuka a Hambug har duniya ta kwaikwaya, shi ne kuma ya riƙa baje kolin mutane, har da 'yan Sudan, ana biya ana kallo. A 1906 an saka wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga a ɗakin birai na gidan namun daji na Bronx a Amurka. Kuma masana sun daɗe da sanin cewa dabbar da ke kai-kawo a layi ɗaya ba tsayawa, daga bango zuwa bango, ba motsa jiki take yi ba, ƙunci ne. Amma duk wannan hujja ce a kanmu, ba hujjarmu ba. In akwai ƙunci a keji, ko a wane gari ne, wa zai gan shi ya faɗa? Wanda ya je ya tsaya ya duba. Matar hadisin ba don ta mallaki kyanwa aka kama ta ba, don ta kulle ta ta manta da ita ne. Gidan nan na jama'a ne, da kuɗin jama'a ake tafiyar da shi, don haka makullin yana hannun kowa. Haƙƙinmu ne mu tambayi hukumar da ke kula da shi: dabbobi nawa ne, nawa ake ware wa abincinsu a shekara, likitoci nawa ke duba su, nawa aka haifa, nawa suka mutu. Marubucin da bai san bambancin amina da sayaki ba, ba zai iya yin wannan tambaya a saurare shi ba. Kuma a ziyararmu, cutar da muka gani da ido daga hannun 'yan kallo ta fito: mai tsokanar biri da kara, mai jefa masa ledar ruwa, mai jifan kada da dutse don ya motsa a ɗauki bidiyo. Namu ne, 'ya'yanmu ne, kuma babu littafin yara da ya taɓa gaya musu kada na jin zafi.

Akwai masu cewa mutane na kwana da yunwa, ana ba zaki akuya. Yunwar gaskiya ce, ba mai musu. Sai dai ba mu taɓa ganin an rufe wurin shaƙatawar talaka an raba masa kuɗin ba. Mai hali yana da Dubai, yana da Kenya, yana da lambu a bayan gidansa. Bazawara mai 'ya'ya huɗu a Kurna, wadda ta yi wata tana tara kuɗin yawon Salla, wannan fili shi ne Dubai ɗinta. Ku je ranar biyu ga Salla ku ga layi: 'yan mata da lalle, yara da sababbin takalma da ke cizon ƙafa, almajirai da suka haɗa kuɗi, mutanen ƙauye da suka cika mota guda. Wanda ya ce don tausayin talaka yake so a rufe, ya fara tambayar waɗannan.

Akwai kuma masu cewa wurin ya zama matattarar samari da 'yan mata. To, mu ne ai muka rubuta shi haka, muka ɗauke shi a fim haka, shekara da shekaru. Ba ma shuka gero mu zo muna mamakin ganin zangarniya.

Yanzu ga inda abin yake da haɗari. A 2020 gwamnatin jiha ta bayyana shirin ɗauke gidan zuwa Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji, bisa dalilin cewa gari ya cim masa, hayaniya ta yi wa dabbobi yawa. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, gidan dai yana nan inda Audu Bako ya bar shi. Ba mu zo yin siyasa ba, a zauren nan akwai mai jar hula akwai wanda ba ya sawa, kuma dalilin hayaniyar ba ƙarya ba ne: zaki bai dace da ƙarar janareto da odar tirela ba. In za a gina babban gandu a Tiga inda dabbobi za su sake su hayayyafa, mu ne masu fara tafi. Tambayarmu ita ce filin. Hekta sama da 40 a kan wannan titi, kowa ya san abin da ido ke gani a ciki: shaguna, rukunin gidaje, wurin ajiye motoci. Mun ga yadda kududdufan birni suka koma filoti, ruwan sama ya rasa wurin zuwa ya shigo ɗakuna. Mun ga yadda badala ta yi ta zaizayewa. Mun ga rigimar filin Idi da ta otal ɗin Daula, wannan ya gina, wancan ya rushe. Bishiyar da ta shekara hamsin, rana ɗaya ake kayar da ita, kuma babu gwamnan da zai iya dawo da ita cikin wa'adinsa. Tiga kuma tafiyar kilomita kusan 70 ce. Bazawarar Kurna ba za ta je ba. Maganar ta kwanta yau, amma filin bai rage daraja ba, don haka za ta sake tashi, ko a hannun wa mulki yake.

Ranar da ta tashi, da me za mu tare ta? Dubi Landan. An buɗe gidan namun dajinsu a 1828, daga sunansa ma kalmar zoo ta samo asali, wadda muka ɗora wa gida a gaba ta zama tamu. Akwai giwar da aka kamo tana jaririya daga yankin Sudan, ta bi ta Faris ta iso Landan a 1865, aka sa mata suna Jumbo. Da aka sayar da ita ga Barnum mai wasan dabbobi na Amurka a 1882, garin ya tashi, jaridu suka yi ca, dubban yara suka rubuta wasiƙun roƙo. Ba su hana tafiyar ba, jirgin ƙasa ya kashe ta a Kanada a 1885, amma har yau sunanta ne Turawa ke kiran duk wani abu ƙato da shi, har jirgin sama. Wata dabbar beyar da wani sojan Kanada ya bari a gidan a 1914, ita A. A. Milne ya gani tare da ɗansa, ya fitar da littafin Winnie-the-Pooh a 1926, wanda yaran duniya ke karantawa har gobe. Da kuɗi suka ƙare a 1991 aka sanar za a rufe gidan, jama'a suka yi ta aiko da gudummawa, har Sarkin Kuwait ya ba da fam miliyan 1, aka fasa. Mutanen nan ba kejin ƙarfe suka tashi karewa ba. Wuri ne da marubutansu suka shekara ɗari da hamsin suna saka musu shi a zuciya tun suna goye.

Mu kuwa, Gidan Zoo ya haura shekara hamsin. Zakuna nawa suka rayu suka mutu a ciki, wa ya san sunan ko ɗaya? Akwai ma'aikatan da suka ƙare ƙuruciyarsu suna shiga kejin kura da tsintsiya, sun san halin kowace dabba kamar na 'ya'yansu, suna yin ritaya suna komawa gida da labaransu. Gardawan kura ma, namu na gargajiya, sai da wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya zo ya bi su ya fitar da littafi a 2007, duniya ta san su ta idonsa. Muna nan muna jiran wani baƙon ya zo ya yi mana na Gidan Zoo, sannan mu taru a Facebook mu ce an sace mana al'ada.

Saboda haka aikin wannan mako ba na zaɓi ba ne ga duk mai son a ci gaba da duba masa rubutu. Wanda ke Kano ya je Gidan Zoo. Na Jos, Maiduguri da Yamai kowa ya je na garinsu. Wanda garinsu babu, ya nemi tsohon maharbi ko kasuwar dabbobi. A zaɓi dabba ɗaya, a zauna gabanta rabin sa'a, waya a aljihu. A tambayi ma'aikaci me take ci, sau nawa, da yaushe take farkawa, a gaishe shi da ladabi don yana bakin aikinsa ne. A nemo sunan bishiyar da ke kusa, in ba a sani ba a tsinko ganye ɗaya da ya faɗo a kai wa tsohuwa. Sannan a rubuto kalma 500, a saka a ƙarƙashin wannan maƙala kafin daren Alhamis. Mun yarda a sa masoya a ciki, in dai ɗayansu zai ɗaga kai. Duk wanda ya turo mana wata bishiya mai ni'ima, za mu mayar masa da abinsa ba tare da mun karanta layi na biyu ba.